Leda, Fiya-fiya da Madafin Gidanmu



Mu 'yan boko ne sau biyu. Garinmu Boko, a ƙaramar hukumar Kusada, sannan ga 'yar takardar difloma da muka ɗauko daga Katsina. Ta biyun ce mai jawo mana magana, domin a gida irin namu duk zancen da ya fito daga bakin wanda ya yi makaranta, kafin a auna shi sai an fara auna mai shi. In ka ce kada a zuba koko mai zafi a leda, abin da kunnen manya ke ji shi ne kana cewa sun shekara talatin suna ba ka guba. Daga nan kuma hira ta ƙare.

Mu uku ne muka ɗauki wannan rigima, maza biyu da mace ɗaya, uba ɗaya ɗaki daban-daban. Gidan namu ana ɗora tukunya ne don baki ashirin da 'yan kai. Mun taɓa zama muka ƙirga ledar da ke shigowa daga asuba zuwa isha'i: ta koko, ta ƙosai, ta manja da gishiri da kanwa da ake ƙullowa daga shago, ta malmalar tuwo, ta ruwan sha, ta alalar da matar Yaya ke sayarwa. Da muka haura sittin sai muka bar ƙirgar, tunda ba gasa muke ba.

A waya kuwa kullum sai ka ci karo da wata Baturiya ta kwashe duk robar kicin ɗinta ta zubar, ta jera kwalaben gilashi reras kamar kantin magani. Abin sha'awa ne a ido. Amma wanda ke sayen man gyaɗa na girki ɗaya ba zai iya wannan ba, kuma in ya matsa sai ya iya, kuɗin cefane ne zai tafi. Shi ya sa muka raba abubuwan gida uku a tsakaninmu: wanda zai iya kashe mutum a daren yau, wanda ke ci a hankali ba a gani, da wanda muni kawai gare shi. Da aka jera su haka, leda ba ta zo ta ɗaya ba. Wake ne ya zo.

Wake shi ne asusun manomin yankinmu. Ana girbe shi da kaka, lokacin da kowa ke da shi kuma farashi ke ƙasa, wanda ya iya riƙe nasa zuwa bazara ko faɗuwar damina shi ke ganin riba. Sai dai ƙwaron wake ba ya jiran kasuwa ta tashi. Tun a gona yake kama kwanson, ya biyo waken har gida yana hayayyafa a cikin buhu, kafin wata uku ka buɗe ka tarar da huji da gari. Wannan ne ya ba kwalbar magani wurin zama a kusan kowane gida, daga Kusada har Kankiya. Wasu su yayyafa fiya-fiya, wasu su jefa ƙwayar nan da ake kira bom.

Sinadarin da ke cikin Sniper da mafi yawan fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe sunansa DDVP. Yana kashe ƙwaro ne ta hanyar rikita saƙon da ke bi ta jijiyoyinsa, kuma a wannan fannin jikin mutum da na ƙwaro hanyarsu ɗaya. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda shi, a 2016 ta ƙara wa'adin da shekara uku. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an kuwa samu waken da ya kai 4.6. Ku lissafa da kanku, ninki ɗari huɗu da sittin ke nan. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, waken da aka gwada aka ƙi, wanda aka zaɓa don fita waje ne. Wanda ke zuwa tukunyar ɗanwake da alala a ƙauye babu mai gwada shi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna, amma duk wanda ke zuwa cin kasuwa ya san fiya-fiya ba ta yi ƙaura ba.

Muka kai wa Baba wannan bayani bayan sallar isha'i, da ladabi, mun ma tsara wanda zai fara da wanda zai rufe. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "To na ji, 'yan boko. In na bar maganin, ƙwari suka cinye mini buhu takwas, takardar taku za mu dafa?"

Tambaya ce mai kyau, kuma duk wanda ke son a bar wani abu a gidan talaka ya kamata ya iso da amsarta a aljihu. Tamu amsar buhun PICS ce, buhun nan mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana a jami'ar Purdue ta Amurka ne suka faro aikinsa tare da masu binciken noma a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka soma yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma ana yin sa a nan Kano. Babu ɗigon magani a cikinsa. Hikimar ita ce ƙwaro ma numfashi yake. In aka ɗaure buhun yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki su ne za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Amma yana da sharuɗɗa, kuma a nan mutane ke faɗuwa su ce buhun ƙarya ne. Dole waken ya bushe ƙayau. Dole a duba kowace leda ko ta huje kafin a zuba. A matse iska, a murɗe bakin ta ciki a ɗaure, sannan ta biyu ita ma daban, sannan na waje. A ɗora shi kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba kullum, na ci a ware shi tun farko. Wanda ba shi da kuɗin buhun, jarka mai kyakkyawan murfi wadda abinci kawai ta taɓa ɗauka za ta yi wannan aikin, in an cika ta taf an toshe.

Da kuɗinmu muka sayi guda biyu, muka roƙi Baba ya ba mu aron wake buhu biyu, in ya lalace mu biya. Bayan wata biyar aka kwance a gabansa. Ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo na ƙasa, ya watsa a faifai ya daɗe yana kallo. Bai ce komai ba. Da kaka ta zagayo sai ya kira ƙaraminmu ya ba shi kuɗi ya ce a ƙaro shida. Wanda ya san iyayenmu maza ya san wannan ya fi dogon jawabi.

Kakarmu, da ta ga ana ta murna, cewa ta yi ita ba ta ga sabon abu ba. Su a zamaninsu irin shuka a tulu ake zuba shi, a cakuɗa da toka ko yashi mai laushi, a sa ganyen bedi, wanda wasunku ke kira darbejiya, a liƙe bakin da laka. Gaskiyarta. Toshe iska ne da can, toshe iska ne yanzu. Abin dariyar dai shi ne mu da muka fito yaƙi da leda, abin da ya fara fitar da guba daga ɗakin ajiyarmu leda ce, har guda biyu a buhu ɗaya.

Ƙwayar bom kuwa tata illar ta fi sauri. Da ta ji danshin iska sai ta fara sakin wata iska mai guba, wadda aka yi don rufaffen sito da ba kowa a ciki. A ƙauye kuma buhun hatsi sau da yawa a ƙuryar ɗakin kwana yake, kusa da shimfiɗar yara. Wannan ba mu tsaya lallashi a kansa ba, kuma babu wanda ya yi mana gardama.

Sai batun mazubi. Galan ɗin maganin ciyawa da na feshin ƙwari roba ce mai ƙwari da murfi mai kyau, shi ya sa ido ke kasa barin ta. Za ka gan ta an ɗauraye an zuba man gyaɗa, ko an ɗura kunu a tafi da shi gona, ko yaro ya mayar da ita butar sha. Ruwa da omo ba sa fitar da abin da roba ta riga ta tsotsa, mai kuma yana jawo shi waje. Yanzu a gidanmu duk galan ɗin da ya ƙare, a gona ake ɗauraye shi sau uku a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda gindinsa da wuƙa yadda ba zai ƙara yi wa kowa amfani ba. Maganin da bai ƙare ba ya bar saman katangar madafi, ya koma akwati mai kwaɗo a zaure. Mun kuma yi ta nanata wa matan gida cewa in, Allah ya kiyaye, yaro ya sha irin wannan, aka ga yawu na dalala, gumi, amai, numfashi na sarƙewa, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A ɗauke shi a ɗauki kwalbar a nufi asibiti, domin sunan da ke jikinta ne zai gaya wa likita abin da zai yi.

Da muka zo kan leda sai muka tarar da Inna tana jiranmu.

Bayanin namu ba shi da tsawo. Ledar da ke riƙe busasshen gishiri ko gero ba ita ce damuwa ba. Damuwar tana farawa ne in leda ta haɗu da zafi, musamman in da maiƙo. Irin ledar da muke ƙulla abinci tana fara narkewa ne da an ɗan haura zafin tafasasshen ruwa, man suya kuwa yana kaiwa digiri 170 zuwa sama. Shi ya sa in aka tsamo awara ko ƙosai daga kasko aka jefa kai tsaye, za ka ga ledar ta yamutse ta manne. Abin da ya bar jikinta bai tafi ko'ina ba, yana jikin awarar. Baƙar leda ta fi muni, domin sau da yawa daga tsofaffin robobin da aka narka ake yin ta, ba wanda zai ce maka ga abin da suka ɗauka a rayuwarsu ta farko. Ko robar da aka yi musamman don abinci zafi na sa ta zubar da ɓurɓushi. A 2020 masu bincike a Dublin ta ƙasar Ayalan sun nuna cewa fidar jarirai ta roba tana sakin miliyoyin ƙananan ɓurɓushi a lita ɗaya in aka haɗa madara da ruwan zafi a cikinta, kuma iya zafin iya yawansu. Masana na kan nazarin abin da wannan ɓurɓushi ke yi a jikin mutum. Mu dai ba mu ga dalilin da zai sa jaririn gidanmu ya zauna jiran sakamako da fida a baki ba, alhali ana iya damawa a kofin silba a bari ya huce.

Inna ta bari muka gama, tana ta tankaɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Kun san abin da ya kai mu ga leda? Kafin a haife ku kwano ashirin nake wankewa kowane dare, da ruwan da na jawo da hannuna. Tuwo in ya kwana a kwano ya yi ɓawo, a leda kuwa da safe yana nan lubus. Rabon kowa a ƙulle, ba a faɗa. Wanda zai raba ni da leda ya zo ya karɓi soso."

Wannan maganar ta Inna ta fi duk abin da muka karanta nauyi. Leda ba don jahilci ta shiga madafi ba. Ta shiga ne don ta rage wa mace aiki, a gidan da ruwa sai an saya ko an jawo, sabulu sai an yi lissafi, kuma namiji ba ya taɓa kwano sai in zai ci. Duk mai wa'azin a koma akushi da ƙwarya, in ba ya cikin masu wanke su, da bayan wata yake kyauta. Mu ma marubuta muna da hannu a nan, mun iya kwatanta jarumar labari ta jera kuloli a tebur, amma da wuya mu nuna wanda ya wanke su.

Don haka sai aka yi ciniki. Mu maza biyu muka ɗauki nauyin ruwan wanke-wanke da sabulu, da wanke manyan kuloli da daddare. 'Yar uwarmu ta ɗauki zuwa karɓo kokon safe da jug ɗin silba, maimakon a aiki yara su dawo da ƙulli takwas. Tuwo ya koma yadda ake yi da, a tsoma mara a ruwa a kwashe, a mulmula a ƙoƙo, a jera a kula mai cikin silba. Ƙosai da awara su tsane a kwando su sha iska kafin su shiga komai. Markaɗe ya bar bokitin fenti. Abokai a majalisa sun sa mana suna 'yan wanke-wanke, sunan ya bi mu har filin ƙwallo. Ranar da ɗayanmu ya yi tafiya ɗayan kuma ya makara, tuwo a leda yake kwana, Inna ba ta ko ɓoyewa.

Hura wuta da leda shi ne abin da ya fi saurin bari, don kowa ya san warin. Mai hurawa ita ke sunkuye a kan murhu tana shaƙar baƙin hayaƙin, sau da yawa da goyo a bayanta. Yanzu akwai buhun totuwa da ƙiraren kara a gefen murhu, cika shi aikin yara ne.

Akwai kuma tukunya, wadda har yau ba mu gama da ita ba. Manyan tukwanen zubi na alminiyam da maƙera ke yi, daga tarkacen ƙarfe ake narka su, har da sassan tsofaffin injuna. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa da yawansu suna sakin dalma a abinci, kuma tsami na ƙara fito da ita. Mu nan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda dutsen zinariya mai dalma da ake dakawa a cikin gidaje, inda ake girki kuma yara ke rarrafe. Abin da tukunya ke saki bai kama ƙafar wancan ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a kira lafiyayye a jinin yaro, kuma kaifin ƙwaƙwalwa take fara ci. Tukunyar silba da za ta ɗauki tuwon mutum ashirin ta fi ƙarfin aljihunmu a yanzu. Abin da muka iya shi ne raba aiki: jiƙon tsamiya, zoɓo, miyar yakuwa da duk wani abu mai tsami sun koma tukunyar ƙasa da ƙaramar ta silba, kuma ba a barin miya ta kwana a ta zubi.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Jihar Legas ta haramta farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hana siririyar leda tun 2014, amma wanda ya je Maraɗi ya ga yadda take lilo a kan ƙaya kamar yadda take yi a bayan garinmu. Doka tana da amfani a kan masu ƙerawa da masu shigowa da kaya. Hannunta dai ba ya kaiwa saman katangar madafi.

Inda muka fi tafiya a hankali shi ne sana'ar matar Yaya. Alala take yi ta sayarwa, da ita take sayen sabulu da littafin yaranta, kuma alalar leda ita ce cikakken misalin abin da muke gudu: ƙullu mai mai, a ƙulle a siririyar leda, a tafasa kusan awa guda. Gwangwanin madara da na tumatir da iyayenmu ke amfani da su ma ba tsira ba ne, cikinsu shafe yake da wani siririn fenti, in an yi ta dafawa ya ɓare ya yi tsatsa. Muka haɗa kuɗi muka sayo mata ƙananan kofunan silba dozin uku. Ta gwada, alalar ta yi kyau, ta ma fi tashi. Amma ta ce mana, "Ku kuna ganin lafiya, ni ina ganin ciniki. Yaron da aka aiko da naira ɗari ba ya zuwa da kwano. In na ce ya koma ya ɗauko, gidan gaba zai shiga." Yanzu a kofi take dafawa, ta juye a babbar tasa. Wanda ya zo da mazubi a sa masa, har da ɗan gyara. Wanda bai zo da shi ba, a ba shi wadda ta huce a farar leda. Wankin kofi talatin da shida kuma ya hau kan 'yan wanke-wanke.

Bayan sallah za a yi bikin ƙanwarmu. A kayan kicin ɗinta mun samu Gwaggo ta yarda an rage setin robobi an ƙara na silba da tangaran, bayan ta tabbatar cewa dangin miji ba za su ce an yi rowa ba. Tuwon biki kuwa, malmala wajen ɗari uku da za a raba gida-gida, Inna ta riga ta sanar da mu cewa ranar kada ta ga ƙeyar ɗayanmu kusa da madafi. An ma aika Kankiya an sayo ledar, bandir biyu, tana ƙarƙashin gadonta.